Yaro Ba Shi Yake Cefane Ba: Ƙibar Yara a Gidajen Samaru da Sabon Gari

A ƙasar Hausa ba a cika yi wa yaro mai ƙiba kallon mai matsala ba. In aka shigo da shi gidan suna, gwaggo ce za ta fara jan kumatunsa tana cewa, "Tubarkalla masha Allah, uwarka ta iya kiwo." Wanda ake tausaya wa shi ne siririn da ke gefe, har a tambayi uwarsa ko ba ya cin abinci ne. Wannan tunani yana da tushe. Al'ummar da ta san yunwa, ta binne yara saboda tamowa da ƙyanda da gudawa, dole ta ɗauki tsoka a jikin yaro a matsayin garkuwa. Kuma har yau ba mu fita daga wancan hali ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 57, alhali waɗanda nauyinsu ya wuce kima ba su fi kashi 2 ba.

Duk da haka, wanda ya tsaya a ƙofar makarantun kuɗi na Samaru ko Palladan ko Hanwa a Jihar Kaduna lokacin tashi zai ga abin da bai saba gani ba a da: yaro ɗan shekara 9 yana haki daga aji zuwa bakin get, rigar makaranta ta ɗame shi, a hannunsa akwai robar lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 ne ke da nauyin da ya wuce kima. Zuwa 2022 sun kai kashi 20, wato mutum sama da miliyan 390, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibarsu ta kai matakin cuta. A 2025 UNICEF ta sanar cewa a karon farko yara 'yan makaranta masu matsananciyar ƙiba sun fi masu rama yawa a duniya. Yankinmu na Afirka kudu da Sahara bai kai can ba tukuna, amma hanyar muka kama, kuma garuruwa irin namu, masu ma'aikata da 'yan kasuwa da shaguna a kowane lungu, su ne a gaba. A layi ɗaya za ka iske gidan da yaro ke fama da tamowa da gidan da yaro ke fama da teɓa.

Abin da ya sauya shi ne yaran sun koma cikin gida. Wanda ya tashi a Hayin Dogo ko Muciya ko Cikaji shekaru 30 da suka wuce ya san yadda yini yake: a ƙafa ake zuwa makaranta, a dawo a ɗebo ruwa, a kai niƙa, a tafi makarantar allo, da yamma a buga ƙwallo a fili har magariba, da dare a fita dandali. Yanzu filayen sun zama gidaje da shaguna. Gidan haya ciki da falo ne, tsakar gidan kuma mota ta cinye. Keke Napep ko motar makaranta ke ɗaukar yaro daga ƙofa ta dire shi a ƙofa, daga boko sai lesin, daga lesin sai Islamiyya, duk a zaune. Kullen korona da aka sa a Jihar Kaduna a ƙarshen Maris na 2020 ya zaunar da yara watanni a ɗaka, suka saba da waya da talabijin. Kafin a farfaɗo sai ga fargabar masu garkuwa da mutane, musamman bayan harin da aka kai kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yuni na 2021. Uban da ya ce ɗansa ba zai fita ba bayan la'asar, ba wanda zai ga laifinsa. Ƙara da ƙurar hunturu da zafin bazara da ruwan damina, kowanne da uzurinsa. Don haka shawarar "a bar shi ya fita ya yi wasa" ba ta da amfani ga gidaje da yawa. Dole a nemi mafita a cikin bango huɗun da yaron yake.

Kafin nan, ya kamata iyaye su san abin da ake gudu. Ƙibar yaro ba ta cika zubewa da kanta ba in ya kai wani mataki. Wani nazari da masana a Jami'ar York ta Ingila suka wallafa a 2016 ya nuna fiye da rabin yara masu matsananciyar ƙiba suna shiga balaga da ita, kuma kusan 8 cikin 10 na matasa masu ita suna girma da ita. Ciwon suga irin na manya, wanda a da sai an haura 40 ake jin labarinsa, yanzu ana samun sa a jikin 'yan sakandare. Akwai hawan jini, akwai taruwar kitse a hanta, akwai ciwon gwiwa da ƙugu har ƙafa ta gwame saboda ƙashin da bai gama ƙwari ba yana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsa. Yaron da ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji, sau da yawa kitsen wuya ne ke matse masa hanyar iska, malami kuwa sai ya ce malalaci ne.

Akwai wata alama da nake so iyaye mata su riƙe. In kin ga bayan wuyan yaro ko hammatarsa ya yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi, kin dirje da soso da sabulu har ya yi kuka bai fita ba, to ki daina dirza. Ba dauɗa ba ce. Sau da yawa alama ce cewa jiki ya fara bijire wa insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka, kuma wannan ne matakin da ke gabatar ciwon suga. Gwajin jini yake buƙata, ba man bilicin ba.

Haka kuma ba kowace cika ce ƙiba ba. Yaron da fuskarsa ke kumbura da safe, ko ƙafarsa ta kumbura har in an danna da yatsa wurin ya lotsa, ruwa ne a jikinsa, kuma yana iya zama ciwon ƙoda ko tamowa mai kumburi. Wannan asibiti za a nufa da shi ranar, ba maganar motsa jiki. Akwai kuma cikar da magani ke kawowa. Ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe", waɗanda wasu iyaye ke saya a kemis don yaro ya murje, da yawansu suna ɗauke da dexamethasone ko makamancinsa. Suna kumbura fuska da ciki, su raunana ƙashi da garkuwar jiki, su tsayar da tsawo. Wanda ya daɗe yana ba ɗansa irin wannan kada ya tsayar dare ɗaya, don yanke shi kwatsam ma haɗari ne. Ya gaya wa likita gaskiya a janye shi sannu a hankali.

Ido ba ma'auni ba ne, musamman idon uwa. A asibiti ana auna nauyi da tsawo a haɗa su, sannan a duba jadawalin shekaru da jinsi, domin lissafin manya ba ya aiki a kan yara. A gida kuwa akwai gwaji mai sauƙi ga yaron da ya kai shekara 5. A samu zare a auna tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙoli, a yanke, a ninka biyu, a zagaya cikinsa da shi ɗan sama da cibiya. In zaren bai haɗu ba, cikin ya wuce rabin tsawonsa, alamar kitse ya taru inda ya fi illa.

Yanzu ga inda maganar take. Yaro ɗan shekara 8 ba shi da albashi, ba ya zuwa kasuwar Samaru, ba ya ɗora tukunya. Katon ɗin indomi da ke sito da kiret ɗin lemo da ke firji wani ne ya sayo su. Kuɗin da yake kashewa a shagon bakin layi wani ne ya ba shi. Saboda haka duk gidan da ya ce zai rage wa yaro ƙiba alhali cefanen gidan bai sauya ba, wahalar da yaron kawai za a yi. Kuma ba adalci ba ne a zuba masa kwaɗon zogale yana kallon yayyensa na cin soyayyen dankali da lemo mai sanyi. Ko gidan duka ya sauya, ko a daina yaudarar kai.

In abu ɗaya tak za a iya sauyawa, a fara da abin sha. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da suga kusan giram 37, kimanin ƙaramin cokali 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa abin da ya fi shi ne sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin cokali 6 a yini, ga babba ma ke nan. Kwalba ɗaya ta riga ta ƙetare. Kuma suga in ya zo a ruwa ba ya ƙosarwa: yaro zai shanye ya ci abincinsa cif. Kafin ya ƙone abin da ke cikin kwalbar nan sai ya yi tafiyar kusan awa guda. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a Dokar Kuɗi ta 2021, amma naira 10 ba ta hana kowa sha. Kada kuma a ce lemun kwalba kaɗai ne mai laifi. Lemun kwali da ake sa wa yara a jakar makaranta, da maltina, da yogot mai zaƙi, da zoɓo da kunun aya na roba da aka antaya wa suga, da shayin safe mai cokali 4 da madarar gwangwani, duk tafiyarsu ɗaya. Ruwa shi ne abin shan yaro. Zoɓon gida da citta da kanumfari, in an rage sugan da kaɗan kaɗan cikin makonni, harshe yana sabawa. Lemo ya koma abin ranar Sallah da biki.

A ɓangaren abinci ba sai an nemo wani abu daga waje ba, kuma abin kunya ne a ce a Samaru ake wannan kuka. Tun 1922 ake binciken noma a garin nan, kuma daga cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello irin wake na SAMPEA da dawa ta SAMSORG suka fito suka bazu a gonakin Arewa, amma 'ya'yan garin sun koma taliyar leda safe da dare. Faten da ake yi wa Zazzagawa tsiya a kansa, in ya sha rama ko alayyafo da wake, mai kaɗan, ya fi yawancin abin da ake sayarwa a leda nesa ba kusa ba. Haka alale, da ɗanwake in ba a yi masa wanka da mai ba, da dambu mai zogale, da tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa. Wake da ganye suna daɗewa a ciki, yaro ba ya dawowa bayan awa ɗaya yana cewa yunwa. Abin lura shi ne yawan tuwo ko shinkafa da yawan mai. A rage malmala a ƙara miya. Awara da ƙosai da fanke da cincin mai suke sha, a rage yawan ranakunsu. In za a dafa indomi, rabin leda da ƙwai da kabeji da karas ya wadatar, ba leda 2 a zaman ɗaya ba. Abin taɓawa tsakanin abinci ya zama gwaiba, yalo, kankana, lemun zaƙi a ɓare a ci da tsokarsa, ko gyaɗa cikin tafin hannu. Yawancinsu sun fi biskit araha a lokacinsu.

A zuba wa yaro nasa a kwanonsa daidai cikinsa, a zauna a ci tare, talabijin a kashe. Wanda ke ci yana kallo ba ya jin ƙoshi sai ya ga gindin kwano. A kuma daina cewa "sai ka cinye" ga wanda ya ce ya ƙoshi, a daina yin lallashi da alawa.

Sai motsi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga masu shekara 5 zuwa 17 shi ne aƙalla minti 60 a kullum na motsin da ke sa numfashi ya ƙaru, jiki ya ɗau zafi. Ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Minti 15 bayan asuba kafin wanka, minti 20 bayan la'asar, sauran bayan magariba, an cika. Ba a buƙatar inji ko kayan ɗakin motsa jiki. Igiyar tsalle ba ta kai kuɗin kiret ɗin lemo ba, kuma wurin da ya isa a shimfiɗa tabarma ya ishe ta. 'Yar gala-gala alli kawai take so a kan siminti. Langa ana yin ta a baranda. Gaɗa, wadda 'yan mata suka bari, tsalle ce da tafi da faɗawa hannun ƙawaye, mai yin ta minti 20 sai ta jiƙe da gumi. Akwai wasan ɓuya, akwai ƙwallon tsumma ko na safa a jefa cikin bokiti daga nesa a ruga a ɗauko, akwai balan-balan da ake bugawa kada ya taɓa ƙasa. Masu bene suna da matakala. A kunna waƙa a bar yara su taka, in gidan ba a jin kiɗa a yi fareti irin na 'yan agaji, babban wa yana ba da oda.

Aikin gida ma yana ciki. Shara, goge ɗaki, wankin kayan makaranta, ɗauraye kwanuka, jan ruwa a rijiya ga wanda ya isa, wanke mota tare da uba, ɗan daka a turmi. A gidaje da yawa 'yar aiki ce ke yin duk wannan, ɗan gida yana kwance a kujera da rimot, ga ta siririya ga shi yana cika. Ban ga gata a nan ba.

Yaro mai ƙiba sosai kada a fara shi da tsalle mai yawa, gwiwarsa za ta yi ciwo ya tsani abin. A fara da tafiya a wuri ɗaya yana ɗaga gwiwa, da tashi da zama daga kujera, minti 5 zuwa 10, a riƙa ƙarawa mako mako. A lura da santsin tayil, da fankar sama in ana tsallen igiya a ɗaki, a buɗe taga, kada a yi kusa da hayaƙin janareta. Mai asma ko sikila ko ciwon zuciya a fara jin ta bakin likitansa. Abu ɗaya kuma da zan ja kunne a kai: yaranmu sun san tsallen kwaɗo a matsayin horo a makaranta. In aka mai da motsa jiki hukuncin ƙiba, ana tsaye kansa da bulala, ranar da ya sami 'yanci zai bar shi har abada. Yara suna yin abin da suka ga ana yi cikin raha. Uban da ya tuɓe babbar riga ya karɓi igiya ya yi tsalle 20 'ya'yansa na dariya ya fi mai yin wa'azi daga kan kujera, kuma shi ma tumbinsa zai amfana.

'Yan mata su ne abin ya fi ci. Da yarinya ta fara girma sai a ce ta daina tsalle-tsalle, ta zauna kamar mace. Ƙannenta maza suna iya zamewa su buga ƙwallo a layi, ita tana ɗaka daga ita sai waya da abin da ya rage a tukunya, a daidai shekarun da jikinta ke ƙara tara kitse. Cikin gida ba wanda ke ganin ta, ba maganar kunya ko sutura. Uwa ta kulle ƙofa su yi tare.

Waya da talabijin sai an sa musu iyaka, in ba haka ba duk sauran shirin banza ne. Ga 'yan ƙasa da shekara 2, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce a nisanta su da allo. Masu shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a yini. Ga manyan yara, gida ya yanke nasa, misali ba waya sai an yi aikin makaranta an yi wasa, kuma ba ta kwana a ɗakin yara. Wannan ya haɗa da barci, domin ɗan firamare yana buƙatar awa 9 zuwa 12, kuma ƙarancin barci yana tayar da sinadaran yunwa a jiki, yaro ya wayi gari yana neman zaƙi. Da yake asuba ake tashi, lissafin ya nuna ƙarfe 9 ya kamata a ce ya yi nisa.

Kada a sa yaro yunwa. Kada a hana shi karin kumallo, kada a ɗora masa tsarin rage ƙiba na manya da aka gani a TikTok, kada a ba shi shayin rage tumbi ko jiƙon da ake talla a mota da lasifika. Yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitsen na nan, ƙoda da hanta su sha wahala. Yaro yana kan girma, yana buƙatar abinci mai gina jiki. Ga mafi yawan ƙananan yara ma ba a neman sikeli ya sauka. Abin da ake so shi ne nauyin ya tsaya ko ya rage gudu yayin da tsawo ke ƙaruwa, cikin shekara sai jikin ya daidaita. Mai neman sakamako a mako 2 zai karaya a banza.

Baki ma a kiyaye shi. "Ɗan lukuti", "buhu", "ɓuleliya", sunayen da ake kira ana dariya, yaro yana jin su har ƙashi. A makaranta ana tsokanarsa, in ya dawo gida ma ba a bar shi ba, sai ya koma cin abinci a ɓoye ko ya daina shiga mutane, 'yan mata kuma wasu su fara ƙin cin abinci gaba ɗaya. A hana yayye da ƙanne, a roƙi kakanni su rage wasan jika a kan wannan, su kuma rage alawar da suke ɓoye masa a ɗaki. In za a yi magana a ce gidan nan mun sauya abinci don lafiyarmu duka, ba don wane ya yi ƙiba ba.

Mutanen Samaru da Sabon Gari ba su da uzurin nisa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika da sashen yara da masana abinci, akwai Cibiyar Lafiyar Yara a Banzazzau, akwai asibitocin sha-ka-tafi a unguwanni masu sikeli da ma'aunin tsawo. Iyaye, duk wanda zaren nan bai zagaye cikin ɗansa ba, ko ya ga baƙin wuya, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ko minshari mai ɗauke numfashi, ya kai shi a auna shi a duba jininsa a wannan watan, kada a jira hutun makaranta.